Neman Aikin Koyar da Turanci a Ƙananan Biranen Saudiyya: Kurakuran da Mutanenmu Suka Fi Yi

Idan malamin Turanci daga Kano ko Zariya ya ce yana neman aiki a Saudiyya, garuruwa huɗu ne kawai a ransa: Makka, Madina, Jidda, sai Riyad. Nan ne tuntuɓen farko, domin can kowa ya nufa, kuma yawancin tallace-tallacen ayyukan can sun fi son mai fasfon Amurka, Ingila ko Kanada. Alhali daga 2004 zuwa 2014 gwamnati ta buɗe jami'o'i a kusan kowane lardi: Ƙasim a 2004, Ha'il da Jauf a 2005, Jizan da Najran da Tabuk da Baha a 2006, ta Arar a 2007, Bisha da Hafar al-Baɗin a 2014. Ɗaliban shekarar farko, musamman masu shirin karatun likita da injiniya, dole su yi Turanci mai yawa. Tun 2021 kuma daga ajin farko na firamare ake fara koyar da shi. Ka leƙa sashen Turanci na irin waɗannan jami'o'i, za ka tarar da 'yan Sudan, Masar, Jodan, Indiya da Pakistan. Ke nan ƙofar ba ta Bature kaɗai ba ce. Ka riƙa bin shafin kowace jami'a da kanka, ka aika takardunka kai tsaye.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne shigowa da bizar Umara ko ta ziyara da niyyar "in na iso sai in nema". Wannan biza ba ta halatta aiki, kuma makarantar kirki ba za ta sa ka a aji ba tare da iƙama, wato takardar izinin zama, ba. Wanda ya bar bizarsa ta ƙare yana yawon neman aiki, abin da ke jiransa tara ne, da tarhil, wato a kore shi zuwa gida, da haramcin dawowa na shekaru. Mun ga masu digiri sun ƙare suna ɓoye-ɓoye a ɗakin wani ɗan uwa a Jidda, ko motar 'yan sanda suka hango sai gabansu ya faɗi. Aiki ake fara samu tun kana gida, mai aikin ya fitar da bizar aiki da sunanka, sannan ka taso.

Sai maganar ejan. Sashe na 40 na dokar ƙwadagon Saudiyya ya ɗora kuɗin ɗauko ma'aikaci, da na iƙama, da na izinin aiki, da tikitin komawa gida bayan ƙarewar aiki a wuyan mai ɗaukar aiki. Duk wanda ya ce ka sayar da fili ka biya shi "kuɗin biza", ka ja da baya. Abin da ake kira biza hurra, wato ka shigo da sunan wani kafili (wanda ya tsaya maka a matsayin mai ɗaukar aiki) kana biyansa kai kuma ka nemi aiki a wani wuri, saɓa doka ce. Ranar da ya ga dama ya shigar da rahoton hurub, cewa ka gudu daga aiki, ranar ka shiga matsala.

Da yawa kuma suna raina takardu. Satifiket ɗin koyar da Turanci na 'yan kwanaki a intanet ba ya kai mutum ko'ina. Wanda ake girmamawa shi ne irin CELTA na Kambirij, mai awa 120 da koyarwa ta zahiri a gaban mai sa ido. Jami'a kuwa, in za ta ɗauke ka da kanta, galibi digiri na biyu take nema a Turanci ko ilimin harshe, kuma digirin da aka yi ta intanet kan gamu da cikas wajen tantancewa. Ka kai takardunka Ma'aikatar Ilimi da ta Harkokin Waje a Abuja, sannan ofishin jakadancin Saudiyya, tun kafin a buƙace su. Ka duba sunanka: Muhammad a fasfo, Mohammed a digiri, wannan kaɗai ya isa ya tsayar da komai.

Yanzu ga inda nake so a tsaya a natsu. Mutane suna sa hannu ba su san wanda ya ɗauke su ba. Talla za ta ce "koyarwa a jami'a", amma sau da yawa kamfani ne ya karɓi kwangilar samar wa jami'ar malamai. Kamfanin shi ne kafilinka, shi ke biyan albashi, in kwangilarsa ta ƙare aikinka ya girgiza. Ba haramun ba ne ka yi aiki da su, amma ka shiga da saninka. Ka nemi a haɗa ka da malamin da ke aiki a wurin yanzu, ka tambaye shi ranar nawa ga wata albashi ke shiga. In suka ƙi, sun riga sun ba ka amsa.

Ka sa yatsa a layin da aka rubuta wurin aiki. In an rubuta "Masarautar Saudiyya" kawai, ko'ina ana iya tura ka. Jami'ar Tabuk tana da rassa a Duba, Wajh da Umluj a bakin Bahar Maliya, tafiyar sa'o'i daga birnin. Ta Jizan tana da reshe a tsibirin Farasan, inda sai an shiga jirgin ruwa. Ka sa a rubuta sunan garin. Ka kuma sani in aka samu saɓani tsakanin rubutun Larabci da na Turanci, na Larabcin doka ke bi. Mu da muka yi allo da Islamiyya ba mu da uzuri a nan. In Larabcinka bai kai ba, ka kai wa wanda nasa ya kai. A kamfanoni da makarantun kuɗi, kwantiragin da aka yi wa rajista a manhajar Qiwa ta ma'aikatar ƙwadagon Saudiyya shi ne abin dogaro, saboda haka kada ka danna amincewa sai ka gwada shi da wanda aka aiko maka layi-layi. Fasfonka kuma a hannunka zai zauna, mai aiki ba shi da hurumin riƙe shi.

Wajen lissafin albashi, kada adadin riyal ya ruɗe ka kana juya shi zuwa naira. Gida kyauta ne ko alawus? Mota za ta riƙa ɗaukar ka? A ƙananan garuruwa haya tana da sauƙi, amma motar haya ta yi ƙaranci, rayuwa ba mota akwai wuya. Mai son ɗauko iyali ya sani ma'aikacin kamfani yana biyan riyal 400 a wata kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsa. Mace da 'ya'ya uku, riyal 1,600 ke nan kafin a sayi shinkafa. Kada kuma ka ce za ka cike giɓin da koyar da darasi a gidajen mutane, domin aiki a wajen kafilinka laifi ne.

Ba ko'ina ake zafin Makka ba. Abha tana kan duwatsu sama da mita 2,000, hazo kan rufe hanya. Sanyin Tabuk da Arar da Sakaka ya fi ƙarfin hunturun Jos, Jizan kuwa gumi ne dare da rana. Kewa ma gaskiya ce: Hausawa sun fi yawa a Makka da Jidda da Madina, a Najran kana iya daɗewa ba ka ji an ce maka sannu ba. 'Yar'uwa mai neman wannan aiki ta san ɓangaren mata za ta koyar, ta tambayi tsarin masauki da sufuri dalla-dalla kafin ta amsa. Kowa kuma ya tambayi nisan garin da filin jirgi ko tashar jirgin ƙasa. Layin dogo na arewa yana tashi daga Riyad ya bi ta Majma'a, Ƙasim, Ha'il da Jauf har Ƙurayyat, amma garuruwan kudu irin su Abha da Najran da Jizan sai jirgin sama ko bas.