Yadda Za Ka Tsare Ƙuri'arka Daga Rajista Zuwa Ƙidaya a Arewacin Kamaru

Bayan zaɓen shugaban ƙasa na ranar 12 ga Oktoba 2025, Majalisar Tsarin Mulki ta ba Paul Biya kashi 53.66 cikin ɗari, ta ba ɗan adawa Issa Tchiroma Bakary kashi 35.19, shi kuwa Tchiroma ya ce shi ne ya yi nasara, aka yi zanga-zanga a Garwa da Duwala har aka rasa rayuka. Gardamar duka ta rataya ne a kan takardun sakamakon rumfunan zaɓe, wato wa ke riƙe da su, kuma me aka rubuta a cikinsu. Saboda haka mai son a ƙirga ƙuri'arsa daidai sai ya fara shiri tun zaɓe bai ƙarato ba.

Farkon aiki shi ne rajista. Dokar zaɓe ta 19 ga Afrilu 2012 ta ba duk ɗan ƙasa da ya cika shekara 20 damar yin zaɓe, kuma hukumar zaɓe ta ƙasa, wato ELECAM, tana buɗe rajista daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Agusta na kowace shekara, amma tana rufe ta da zarar an sanya ranar zaɓe. Ka je da katin ɗan ƙasa, ka koma ka karɓi katin zaɓenka, sannan ka duba sunanka da rumfarka a jerin da ake liƙawa. Magidanci kuma ya tuna da iyalinsa, domin matan kulle da yawa suna rasa wannan haƙƙi ne kawai saboda ba wanda ya raka su ofishin.

Abin da ya fi wannan wuya shi ne sanin matsayin malamai da sarakuna a lokacin yaƙin neman zaɓe, wanda doka ta ba kwana 15. Mu mutane ne masu girmama liman da lamiɗo, kuma ba na ganin aibu a cikin hakan ko kaɗan. Haƙƙin malam ne, nauyi ne ma a wuyansa, ya yi wa'azi a kan amana da shaidar zur da cin hanci, ya tunatar da jama'a cewa ƙuri'a shaida ce da za a tambayi mutum a kanta. Inda ya kamata a tsaya shi ne ambaton sunan ɗan takara a kan mumbari, ko cewa wanda bai zaɓi wane ba imaninsa da rauni. Tsarin mulkin Kamaru bai ɗora ƙasa a kan wani addini ba, ya kuma lamunce wa kowa 'yancin ibada, sannan dokar jam'iyyu ta 19 ga Disamba 1990 ba ta yarda da jam'iyyar da ke nuna bambancin addini ko ƙabila ba. Wannan tanadin shi ne ke kare masallacinmu a kudancin ƙasar, kamar yadda yake kare cocin maƙwabtanmu a Mokolo da Yagwa, don haka bai dace mu zama masu rusa shi da hannunmu ba.

A aikace, kwamitin masallaci ya zauna tun da wuri ya yanke cewa ba za a karɓi tabarmi ko siminti ko kujerar Hajji daga ɗan takara ba har sai an gama zaɓe, kuma a sanar da hakan bayan sallar Juma'a domin kada a ce an nufi wani. Idan aka kawo maka Alƙur'ani aka ce ka rantse za ka zaɓi wane, ka ƙi cikin ladabi, ka ce littafin Allah ya fi ƙarfin a yi cinikin ƙuri'a da shi.

Ranar zaɓe ana buɗe rumfa da ƙarfe 8 na safe, a rufe da ƙarfe 6 na yamma. Kowane ɗan takara yana da takardarsa daban, saboda haka ka ɗauki ta kowa da kowa tare da ambulan, ka shiga bayan labule kai kaɗai, ka sa ɗaya tak a ciki, ka zubar da sauran a inda aka tanada. Kada ka fito da su a aljihu, domin masu sayen ƙuri'a da waɗannan ragowar suke tabbatar da wanda ka zaɓa. Sirrin nan na kowa ne, kuma miji ba shi da ikon tambayar matarsa abin da ta sa a ambulan. Mace mai rufe fuska ta san cewa za a nemi ganin fuskarta a gwada da hoton kati, musamman a yankin Arewa Mai Nisa inda aka hana niƙabi a Yulin 2015 bayan harin ƙunar baƙin wake a Fotokol. Tana iya roƙon shugaban rumfa ya sa mace ta duba ta, wannan ya fi mata komawa gida ba ta yi zaɓe ba.

Lokacin ƙidaya shi ne inda aka fi yin sakaci. Ana ƙirga ƙuri'u a bainar jama'a nan take cikin rumfar, kuma lokacin yakan zo daf da magariba, sai ka ga mutane sun watse zuwa masallaci an bar akwati da mutum uku. Ku raba kanku gida biyu, wasu su yi salla a harabar wurin zaɓen wasu na tsaye, sannan a yi musanya, kuma kowa ya zo da tocila saboda ɗaukewar wuta. A fara da ƙirga ambulan, a gwada adadinsu da na waɗanda suka sa hannu a jerin masu zaɓe, kafin a buɗe ko ɗaya.

Idan kai wakilin jam'iyya ne a kwamitin rumfa, kada ka sa hannu a takardar sakamako, wadda aka fi sani da PV, alhali ba a cike ta ba, ko da an ce dare ya yi a sauƙaƙa wa kowa. Duk ƙorafin da kake da shi ka nace a rubuta shi a cikinta. Ka karɓi kwafinka, ka gwada shi da wanda za a kai wa ELECAM lamba bayan lamba, domin nata ne ake dogara da shi idan an sami saɓani. Ka miƙa naka ga jam'iyya a daren, saboda awa 72 kacal doka ta bayar daga rufe rumfa don shigar da ƙara kan zaɓen shugaban ƙasa, ita kuma Majalisar Tsarin Mulki tana da kwana 15 ta bayyana sakamako.

A cikin waɗannan kwanaki na jira ka kiyaye abin da kake turawa a Facebook da WhatsApp. Ka faɗi abin da idonka ya gani a rumfarka, ka bar jimillar ƙasa da ba ka san wanda ya haɗa ta ba. Mai niyyar fita zanga-zanga ya san cewa dokar taruka da zanga-zanga ta 1990 ta buƙaci a sanar da hukumar gunduma kwana 7 kafin ranar, kuma dokar yaƙi da ta'addanci ta Disambar 2014 tana kai farar hula gaban kotun soja. Ina ganin wannan dokar ta ta'addanci ta yi faɗi fiye da kima, kuma daidai ne a ci gaba da neman a gyara ta, amma tana aiki a yau. Idan aka kama wani naku, ku rubuta wuri da lokaci da sunayen shaidu, ku gano ofishin 'yan sanda ko na jandarma da aka kai shi, ku sanar da lauya tun kafin a ɗauki bayaninsa.