Motarka na gurnani a hanya? Shafa taya tukuna kafin ka taɓa boris

Na gaji da maimaita magana ɗaya ga samarinmu na Aboabo da Asawase a Kumasi masu jan Bolt da taksi, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya karanta. Kullum sai wani ya tare ni, Alhaji motata ta fara kuka, wani irin wuuu wuuu daga baya in na hau hanyar Accra, kuma kafin in buɗe baki ya riga ya yanke hukunci wai boris ne, wato zoben ƙarfen nan da ƙafar mota ke juyawa a kansa. Wa ya gaya maka? Sau da yawa taya ce ta ci ba daidai ba, ita ke wannan gurnanin.

Wannan na boris ɗin shi ya fi ƙona min rai don ya taɓa cin kuɗina. Corollata ce ta fara ƙara, da na wuce Ejisu gudu ya kai 70 zuwa 80 sai cikin mota ya cika da ƙugi har rediyo ba ka ji sosai. Na kai ta wurin wani fita, wato makanike, a Suame Magazin, bawan Allah ko zagaye ɗaya bai yi da ita ba, daga inda yake zaune ya ce boris na baya ne, duka biyun. Aka sayo, aka ɗaura, na biya kuɗin kaya da na aiki, na hau hanya ƙara na nan yadda take, ko ɗis bata ragu ba. Na koma, wai to ai na gaba ne! Wani yaronsa ɗan koyo ne ya tsuguna ya sa tafin hannu a tayar baya, ya ce Baba zo ka ji. In ka shafa ta gaba sumul, in ka dawo da hannun baya sai gefen zanen ya riƙa kama fata kamar haƙoran zarto. Masta ya yi tsit, kuɗina kuwa har yau.

Gwajin ba wuya. Samu hanya mara cunkoso, kana kan gudun da ƙarar ke fitowa ka ɗan karkata sitiyari hagu, ka dawo dama a hankali. Boris in ya lalace kukansa na ƙaruwa in nauyi ya koma ɓangarensa, ya ragu in ka karkata ɗaya gefen. Ƙarar taya ba ruwanta da wannan, ita da kwalta take tafiya, in ka sauka daga tsohuwar kwalta mai kaushi ka hau sabuwa muryarta na canzawa nan take. Sannan a ɗaga motar da jak a juya ƙafar da hannu, a girgiza ta sama da ƙasa a ji ko tana wasa. In har yanzu ana gardama, a kai tayoyin baya gaba, na gaba baya. Ƙarar ta bi taya ta dawo gaba? To an gama magana, a bar boris ya sha iska.

Kuskure na biyu, kuma shi ne uwar matsalar, rashin juya tayoyi. Mutum zai sa taya huɗu, ba za su bar inda aka ɗaura su ba sai ranar da waya ta leƙo. Ƙananan motocin da muke ja, Corolla, Vitz, Yaris, Picanto, i10, duk ƙafar gaba ke ja. Na gaba su ke ɗauke da nauyin inji, su ke kwana, su ke cin mafi yawan birki, saboda haka suna cinyewa da wuri. Na baya kuwa ba nauyi sosai, bi kawai suke, a nan ne zanen ke yin wannan tudu da kwarin da ke kuka. In kana canza musu wuri kowace tana ɗanɗana aikin 'yar uwarta, cin ya daidaita tun bai yi nisa ba. Masu ƙera taya suna cewa duk kilomita 8,000 zuwa 10,000. Ni dai ba na lissafin nan, na ɗaure shi da juyen mai, in na yi juye ɗaya na tsallake, a na biyu sai an kwance tayoyi. Ku masu yini kuna zagaye Kejetia da Sofoline da Tech, kilomita na taruwa muku da sauri fiye da yadda kuke zato, ku riƙa duba mita.

Yadda nake sawa a yi: na gaba su koma baya kowace a gefenta, na baya su zo gaba a gicciye, ta hagu ta je dama, ta dama ta je hagu. Amma ka duba gefen tayar, in akwai kibiya da ke nuna inda za ta riƙa juyawa, irin wannan ba a gicciye ta, gaba da baya kawai a gefe ɗaya. Kuma don Allah ka tsaya a wurin. Ina sa alli in rubuta a jikin kowace kafin a kwance, don mai faci in yana hira da maƙwabcinsa tsaf zai mayar maka da kowace inda ta fito ya karɓi kuɗinsa.

Wasu kuma sai taya ta gama lalacewa sannan su tuna da juyi, su dawo suna ce min Alhaji na juya ƙara ta ƙaru. To da fa? Ka ɗauko mai kukan ka kawo ta ƙarƙashin ƙafarka. In cin bai yi zurfi ba takan lafa bayan an ɗan yi tafiya da ita, in ya yi zurfi sai haƙuri ko sabuwa. Abin tambaya shi ne me ya cinye ta. In ka ga lotsa-lotsa zagaye da tayar, nan ya loma nan ya tashi, shokozoba ce ta mutu, taya na tsalle a kan hanya maimakon ta kwanta. In gefe ɗaya ne ya cinye, ciki ko waje, alaimen ne ya gudu, wato saitin ƙafafun mota, ko tairod (sandar da ke haɗa sitiyari da ƙafa) da bushin (robobin ƙafa) sun saki. Ku kuke faɗa wa ramuka da tudun rage gudu ba birki don fasinja na sauri, sannan ku sa sabuwar taya a kan matacciyar shoka, nan da nan ita ma ta koyi kukan. A gyara ƙafa tukuna, a yi alaimen, sannan a sayi taya.

Sauran ƙanana ne amma suna taruwa. Iska: lambar da ke jikin taya iyakarta ce, ba ita ake bugawa ba, ta motarka na kan takardar da ke manne a bakin ƙofar direba, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi. Iska ta yi yawa tsakiya ya ci, ta yi kaɗan gefe biyu su ci. Harbin taya da ƙafa ba awo ba ne, sayi ɗan geji ka jefa a mota. Sitiyari na rawa wajen gudun 90 zuwa 100, balansin ne, wato daidaita nauyin taya, ba alaimen ba. Ƙaramar sifiya ɗin nan siririya ba ta shiga juyi.

Sai hom yus, wato tayoyin da aka riga aka yi amfani da su a ƙasashen waje. Na san aljihu, ba zan ce kowa ya sayi sabuwa dal ba, amma da yawansu da cinsu suka zo daga Turai, ka shafa kafin ka biya, kuma kar ka haɗa kala huɗu a mota ɗaya, aƙalla biyun da ke layi ɗaya su zama iri ɗaya girma ɗaya. Don sanin shekarun taya, duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a gefenta, 2319 na nufin sati na 23 a 2019. Zane in ya sauka zuwa milimita 1.6 ta gama aiki, damina in ta kankama a Kumasi ba ta riƙe hanya. In biyu kawai za ka iya saya, ni baya nake sa sababbin, na san direbobin tasha ba su yarda da ni ba a nan. Bayan an ɗaura, yaro ya daina hawa kan sifana yana tsalle, a ɗaure noti a gicciye, in ka yi kamar kilomita 50 ka tsaya ka sake taɓa su.