Kurakuran da ake yi kan ƙwayoyin cutar da ke kwance a jikin yara masu lafiya

Yaro yana wasansa, yana cin abinci, ba zazzaɓi ba tari, amma akwai ƙwayoyin cuta da suka samu wuri suka yi lamo a jikinsa. Kusan kowane yaro haka yake. Bairos ɗin ƙaranbau ba ya fita bayan ƙurajen sun bushe, jijiyoyi yake komawa ya kwanta shekara da shekaru. Haka ma HSV-1 mai kawo ƙurajen leɓe, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana jikin kusan biyu cikin uku na mutanen da ba su kai shekara 50 ba, kuma akasarinsu tun suna yara suka ɗauka.

Inda iyaye suka fi tuntuɓe shi ne takardar gwajin jini. Sai a ga an rubuta akwai IgG (sinadarin garkuwar jiki) na CMV ko EBV, wasu bairos biyu da su ma ke kwanciya a jiki, hankali ya tashi, a shiga neman magani. Abin da wannan ke nufi kawai shi ne jikin yaron ya taɓa haɗuwa da ƙwayar, garkuwarsa ta gane ta. Babu maganin da ke fitar da ita, yaro mai lafiya kuma ba ya buƙatarsa. Mafi muni shi ne a ɗora shi kan antibayotik. Wannan magani ba ya taɓa bairos, sai dai ya kashe bakteriya masu amfani da ke danne fangas ɗin Candida a baki da hanji, daga nan a ga fari-fari ya rufe harshe ko jan ƙurji a gindin jariri.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne mantawa da na kusa da yaron. Ƙaramin yaro kan yi watanni, wani lokaci shekaru, yana fitar da CMV a miyau da fitsari ba tare da wata alama ba. Shi ba abin da zai same shi. Amma idan uwarsa na da juna biyu ta ɗauka, ƙwayar na iya isa ga ɗan tayi, kuma ita ce kan gaba wajen jawo kurumtar yara wadda ba ta gado ba. Gyaran ba wuya: ta wanke hannu da sabulu bayan ta canza masa ƙunzugu ko ta share masa hanci, ta daina haɗa cokali da kofi da shi, ta sumbace shi a goshi maimakon leɓe. Ba a ce ta nisanci ɗanta ba.

Jinjiri ma haka. Duk mai ƙurji a leɓe, babba ko yaro, kada ya sumbace shi, musamman a makonni shida na farko, don a wannan lokacin HSV-1 na iya shiga ƙwaƙwalwa. Jaririn da bai kai wata uku ba idan zafin jikinsa ya kai digiri 38, asibiti za a nufa a ranar. Idan kuma akwai mai raunin garkuwa a gida, kamar mai shan maganin sankara, a gaya wa likitansa da zarar ƙaranbau ya ɓulla. Mai ƙaranbau kuwa ba a ba shi asfirin, yana iya lalata hanta da ƙwaƙwalwa.

Sai makeron kai, wanda fangas ke jawowa. Ana ta shafa man magani ana mamakin yadda yake dawowa. Fangas ɗin yana cikin tushen gashi ne, inda shafi ba ya kaiwa, sai maganin sha na makonni da likita zai rubuta. Man da ke ɗauke da sitiroyid, wato sinadarin rage kumburi, yana kwantar da ƙaiƙayi, amma ƙara yaɗa shi yake yi. Sannan wa ko ƙanen yaron na iya ɗauke da fangas ɗin a kai ba tabo ko ɗaya, ya sake shafa masa ta mataji, hula ko matashi. Shi ya sa ake duba kan sauran yaran gidan, a ware wa kowa matajinsa, a wanke zanen gado da huluna da ruwan zafi.