Yadda nake ɗinke tsagar jikin faiba a motar gudu

A watan Afrilun bara wani Alhaji daga Mabera, nan Sakkwato, ya turo mini motarsa ta gudu, Corvette ƙirar 1969, ja, hancinta ya tsage kusan taƙi guda. Tudun rage gudu ne ya ci ta, don motar kusan a ƙasa take rarrafe. Yana sauka ya ce, "Malam, wanga tsaga sau biyu ana cike ta, sau biyu tana dawowa." Na sa farce na ɓanɓaro wurin, sai ga fila zalla, wato kwaɓin da ake cike lotsewar jikin mota da shi. Wanda ya yi aikin ya ɗauke ta kamar motar ƙarfe, ya shafe baki ya fesa fenti. Jikin faiba kuwa zaren gilashi ne da aka jiƙa da rezin, wani ruwa mai danƙo, ya daskare. Ba ya lotsewa balle a buga shi da guduma, kuma in zaren ya tsinke, sai an mayar da wani zaren.

Kafin komai, leƙa bayan wurin ka san da me kake aiki. In ka ga zare-zare kamar saƙar tabarma, faiba ce ta asali, rezin na foliyesta zai kama ta. Corvette tun 1953 da faiba aka fara ta, amma daga 1973 suka koma wani haɗi da ake kira SMC, mai santsi ciki da waje, shi kuwa sai rezin na efoksi. Bambar yawancin motocin da ke yawo a gari roba ce, za ka ga an rubuta PP a bayanta. Wannan kada ma ka ɓata rezin ɗinka.

Wanke wurin da omo, ya bushe, ka goge da asiton, ruwan da ke cire maiƙo. Sannan nemi inda tsagar ta ƙare, domin tana wuce inda ido ke gani. Ni fitilar waya nake haskawa ta baya. Huda ƙaramin rami, kamar milimita 3, a kowane ƙarshe, shi ke hana ta ci gaba.

Babban aikin ta baya yake. Daidaita leɓɓan tsagar su yi kai ɗaya, ka riƙe su ta waje da tef mai ƙarfi. Ɗauki giranda ka kankare ciki, kamar yatsa huɗu kowane gefe, a gangare, ya yi siriri wajen tsagar ya yi kauri can nesa. Sa takunkumi da tabarau da riga mai dogon hannu. Yaron garejina ya taɓa yi da singileti, kwana biyu yana susa kamar wanda ya kwanta a kan ƙaiƙayi.

Tabarmar zaren gilashi, mai nauyin giram 450 a murabba'in mita nake so, yayyaga ta da hannu gida uku, kowane ya fi na baya faɗi. Almakashi yana barin gefe mai kaifi da ke fitowa ƙarƙashin fenti. Sai haɗin rezin, inda zafin Sakkwato ke kunyata mutane. Ruwan daskararwa, MEKP, ana sa kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari. A bazara, da rana ke haura digiri 40, mililita 1 nake sa wa giram 100, da sirinji nake aunawa, ba na ragewa ƙasa da haka kuma, don ba zai daskare sosai ba. Ka haɗa kaɗan-kaɗan. Na taɓa cika gwangwanin madara da azahar, ban gama shafin farko ba ya zama dutse yana hayaƙi a hannuna. Tun ranar, bayan sallar asuba nake wannan aiki, a inuwa. Ruwan MEKP nan kuma kada ya kusanci ido, makanta yake yi.

Shafa rezin, ɗora tabarma, ka dinga dannawa da bakin buroshi har farin ya ɓace ta koma garai-garai. Duk inda ya rage fari, iska ce, kore ta. Ɗora na biyu da na uku tun na farko bai bushe ba, ka bar shi ya kwana.

Washegari cire tef, ka kankare ta waje kamar kwari, ka sa siririyar tabarma ɗaya ko biyu. Yanzu ne fila ke da amfani, ita ma shafi kaɗan don gyara fuska. Goge da samfefa lamba 80 a kan katako, sai 180, sai 320, sannan firama, shafin farko kafin fenti. Ƙananan tsagogi masu kama da saƙar gizo su ma sai an kankare su har gindi, fenti ba ya ɓoye su.

Motar Alhaji na bar ta sati guda kafin fenti, don rezin yana ɗan tsukewa, in ka yi gaggawa shatin gyaran zai fito. Lokacin hunturu ya fi wahala, ƙura ke sauka kan ɗanyen fenti, sai na yayyafa ruwa a ƙasa na rufe ƙofa da tamfol. Da ya zo ɗauka ya shafa hancin da tafin hannu ya ce, "Ina wurin yake?" Na ce, "Alhaji, ka dai riƙa hawa tudun nan a karkace."