Fiyano na bugawa, lasifika ta yi gum: kurakuran da aka fi yi da fulogin da MIDI

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar situdiyo ya san wannan yanayin: mawaƙi ya iso, yana ta gyaran murya, kai kuma kana danna fiyano amma lasifika ta yi gum. Abin da yawancinmu muke fara yi shi ne ɗora wa manhajar haɗa kiɗa laifi, a goge ta a sake ɗorawa, wani ma har ya kai kwamfutar a share ta kakaf. Alhali sau da yawa ba a nan gizo ke saƙar ba.

Tushen ruɗanin shi ne ɗaukar MIDI a matsayin sauti. MIDI saƙo ne kawai: an danna maɓalli kaza, da ƙarfi kaza, an sake shi a lokaci kaza. Haka yake tun 1983, lokacin da kamfanoni irin su Roland da Sequential Circuits suka haɗu a kan tsarin. Fulogin, wato ƙaramar manhajar da ake ɗorawa a cikin babbar, shi ne makaɗin da ke karɓar saƙon ya mayar da shi amo. Saƙon kuma hanya yake bi: daga fiyano zuwa kebul, zuwa manhaja, zuwa layin da aka ware, zuwa fulogin, sannan amon ya ratsa mikisa ya fita ta katin sauti. In ka ji shiru, bi hanyar nan daki-daki kamar mai neman inda bututun ruwa ya toshe. Kusan kowace manhaja tana da 'yar fitila da ke ƙiftawa idan saƙon MIDI ya shigo. In tana ƙiftawa, fiyano da kebul sun fita zargi. In ba ta ƙiftawa, duba ko akwai wata manhajar da ke buɗe a gefe, domin a yawancin kwamfutocin Windows da ke hannun mutane, manhajar da ta fara kama fiyano ita kaɗai ke riƙe shi.

Sai batun layi. MIDI yana da layi 16. Idan ka zuba kayan kiɗa biyu a cikin Kontakt ɗaya, wato fulogin da ake zuba wa sautukan kayan kiɗa, na farko yakan hau layi na 1, na biyu ya hau na 2, sai ka yi ta danna fiyano na farkon ne kaɗai ke amsawa. A manhajar FL Studio, maganin shi ne ka ba fulogin ɗin lambar Input port, ka buɗe MIDI Out mai lamba iri ɗaya, ka zaɓi layin da kake so. Masu kwaso kiɗa daga fiyanon Yamaha PSR, wanda ya daɗe yana riƙe da situdiyoyin Kano, su tuna cewa tsarin General MIDI na 1991 ya keɓe layi na 10 don ganguna: lamba 36 babbar ganga ce, 38 ƙaramar ganga mai tsartuwa, 42 kuge a rufe. Ka aika wannan layin zuwa fulogin na fiyano, sai ka ji wani hargitsin amo a ƙasa-ƙasa da ba ya kama da komai.

Akwai wani tarko da ya taɓa cinye mini yini guda. Maɓallin tsakiyar fiyano lambarsa 60 a ko'ina, amma sunansa ya bambanta: manhajar Cubase da Kontakt suna kiran sa C3, FL Studio kuma C5. To idan bayanin fulogin ya ce ka danna C0 don sauya salon bugun goge, a FL Studio C2 za ka nema. Ni kuwa ina can ina ta zana sanda, wato alamar bugu a allon manhaja, a inda babu kowa.

Fulogin ɗin da aka ɗora ya ƙi fitowa, wannan mai sauƙi ne. Kamfanin Steinberg ne ya ƙirƙiro VST, tsarin da ake gina fulogin a kai, a 1996, kuma iri biyu ne a hannun mutane. VST3 yana da gida ɗaya, foldar VST3 da ke cikin Common Files a Program Files. VST2 kuwa fayil ne mai ƙarewa da .dll, yana zama duk inda aka jefa shi, dole ka nuna wa manhaja foldar sannan ka sa ta sake bincike. In tsohon fulogin ne mai 32-bit, Cubase ta daina karɓarsu tun daga Cubase 9, haka ma Ableton Live 10. Sai dai a bi ta jBridge, manhajar da ke haɗa tsohon fulogin da sabuwar manhaja, ko a nemi sabon. Idan kuma Kontakt ya ce bai ga sautukansa ba, yawanci rumbun ajiya na waje ne ya sauya harafi, jiya E yau F. Kafa masa harafi ɗaya a Disk Management na Windows, sannan ka yi Batch Resave a Kontakt. Wanda ya ga kiɗansa na ɗaukewa bayan minti 15 da rubutun DEMO, Kontakt Player na kyauta yake amfani da shi a kan sautukan da ke buƙatar cikakken Kontakt. Fulogin na sata da ake turawa a filashi kuwa, ba ni da maganinsa. Ranar da ya ga dama zai rufe maka aiki.

Jinkiri tsakanin danna maɓalli da jin amo lissafi ne tsagwaronsa. A kan gutsuren sauti 44,100 a daƙiƙa, bafa (adadin gutsuren da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar da amo) mai 1024 tana jawo jinkirin kusan milisakan 23, mai 512 kusan 12, mai 128 kusan 3, kafin a ƙara na katin sauti. Kuskuren shi ne a bar ta a wuri ɗaya har a gama aiki. Lokacin bugawa sauke ta zuwa 128 ko 256, lokacin haɗa sauti, da fulogin suka yi yawa, ɗaga ta zuwa 1024 don kada ka ji ƙaras-ƙaras. Kuma ka tabbata direban ASIO kake kai, wato direban sauti mai rage jinkiri, na katin sautinka in akwai, in babu ASIO4ALL. Wani abin da ya shafe mu musamman: da an ɗauke wuta laftof ta koma kan batir, Windows yakan rage mata ƙarfi, aikin da ke tafiya lafiya lau ya fara tsarƙewa. Mayar da tsarin wutar zuwa High performance.

Idan kowane bugu yana fita biyu-biyu, kamar mutum biyu na magana tare, fiyanon ne ke kaɗa kansa sannan kwamfuta ta dawo masa da saƙon ya sake kaɗawa. Kashe Local Control a cikin saitinsa. Amon da ya maƙale ya ƙi yin shiru kuma, ko dai saƙon saki ne ya ɓace, ko an yanke kiɗan a daidai inda fedar riƙe sauti, wato CC64, take a danne. Ctrl da H a FL Studio zai kashe shi nan take, amma sai ka shiga ka mayar da CC64 zuwa sifili a ƙarshen yankin, in ba haka ba zai dawo.

Duk waɗannan gyaran inji ne. Inda aka fi kashe kiɗa shi ne wajen gyaran bugun da kansa, kuma a nan babu saƙon gargaɗi da zai fito maka.

Na farko, daidaita bugu ido rufe da Quantize, umarnin da ke jan kowane bugu zuwa layin lokaci mafi kusa. Kiɗanmu na gargajiya da yawa a uku-uku yake tafiya, manhaja kuwa ta saba buɗewa da layukan huɗu-huɗu. Ka buga salon kalangu da hannunka yana rausaya, ka danna Quantize a kan 1/16, sai ta ja kowane bugu zuwa layin da ba nasa ba, kiɗan ya koma tafiyar soja. Sauya layukan zuwa na uku-uku tukuna. Ko a hakan ma kada ka ja su ɗari bisa ɗari; rabi ko kashi biyu cikin uku ya isa. Babbar ganga da bes za su iya zama daram a kan layi, amma ƙananan ganguna a bar musu ɗan gaba da ɗan bayan da hannu ya ba su, don a nan armashin yake.

Na biyu, ƙarfin bugu. Yana tashi daga 1 zuwa 127, kuma ba ƙara kawai yake sauyawa ba. Fulogin mai kyau yana da sauti daban da aka naɗa don bugu mai taushi da mai ƙarfi. Wanda ya zana komai da linzami a ƙarfi ɗaya, sauti guda yake ta maimaitawa kamar injin niƙa. Wanda kuma ya ɗaga komai zuwa 127 don kiɗa ya yi ƙara, ya tilasta wa makaɗin dukan ganga da dukkan ƙarfinsa daga farko har ƙarshe. In ƙara kake so, mikisa na nan. Ka saurari makaɗi na gaske ka ji wane bugu yake nauyayawa, wanne yake shafawa kawai, ka zana haka.

Kalangu magana yake yi saboda makaɗi na matse tsarkiyarsa a hammata, amo ya hau ya sauka. A MIDI, lanƙwasa amo ce ke yin wannan aikin, amma yawancin fulogin suna zuwa da iyakar maɓalli biyu sama, biyu ƙasa. In bai ishe ka ba, faɗaɗa iyakar a cikin fulogin ɗin kansa. Bayan kowace lanƙwasa ka tabbata ta koma tsakiya, 8192 a lissafin MIDI, ko sifili a yadda wasu manhajoji ke nunawa. In ta tsaya a hanya, duk abin da ya biyo baya zai saɓa da muryar mawaƙi, ka yi ta zargin sa a banza. Masu FL Studio kuma su sani cewa sandunan Slide na Piano roll suna aiki ne da kayan kiɗan manhajar na gida, fulogin na waje ba ya jin su.

Sarewa da algaita da goge ba a buga su kamar fiyano. Amonsu yana kumbura ya lafa a tsakiyar bugu ɗaya, abin da ƙarfin bugu ba zai iya ba ka ba. Saƙon sarrafa amo na CC11 ko CC1 ne ke yin sa, gwargwadon yadda aka gina fulogin ɗin. Sa sarewa ta riƙa fitar da amo ɗaya a lokaci guda, ka ɗan ɗora ƙarshen sanda a kan farkon ta gaba don su zarce da juna. Sannan ka rera layin da bakinka: duk inda numfashinka ya ƙare, yanke sandar a nan ka bar gurbi.