Idan matashi ya suma yana tsakiyar gudu

Suma iri biyu ce. Akwai ta wanda ya daɗe tsaye a rana ko bai karya kumallo ba: jiri da gumi sukan fara zuwa, ya sulale, da an kwantar da shi ya farfaɗo. Akwai kuma wadda ke kayar da yaro yana tsakiyar ƙwallo a filin Kawukudi na Akara, ko yana iyo, ko ƙarar waya ta firgita shi cikin barci. Ta biyun ce abin tsoro, domin sau da yawa wutar da ke tafiyar da bugun zuciya ce ta rikice, kuma ciwon kan bi jini. Jikin yaron kan yi fizge-fizge, shi ya sa a zango ake saurin cewa farfaɗiya ce ko iska.

In ya faɗi, a kira sunansa, a jijjiga kafaɗarsa. In bai amsa ba, ba ya numfashi ko sai wani gurnani jefi-jefi, to zuciya ta tsaya. A bar zancen yayyafa ruwa da cusa cokali a baki. Wani ya kira lambar agajin gaggawa 112, wani ya kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ya ɗora dunduniyar hannu a tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a kai, ya danna zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. A riƙa karɓar juna duk minti 2, don hannu na gajiya mai shi bai sani ba. In akwai na'urar AED, mai bai wa zuciya girgizar lantarki, a kunna ta a bi umarninta. Ita ce ke maido da bugun, dannawar tana riƙe jini ne zuwa ƙwaƙwalwa. Da haka aka ceto ɗan ƙwallo Christian Eriksen na Denmak a 2021.

Wanda ya farfaɗo da kansa fa? Kada ya koma fili sai likitan zuciya ya gan shi. A Akara, cibiyar zuciya ta Korle Bu ce wurin da aka fi sani. Kafin ku je, ku binciki dangin uwa da na uba: wa ya rasu farat ɗaya kafin shekara 40, wa ya nutse alhali gwanin iyo ne, wa ya kwanta lafiya bai tashi ba?

Za a fara da gwajin ECG, mai auna wutar zuciya. Yana kama ciwon tsawon QT, inda zuciya ke jinkirin shiryawa bugu na gaba. Ma'aunin da ya kai milisakan 480 a gwaji fiye da ɗaya hujja ce babba. Amma a nan ake tuntuɓe: mai ciwon CPVT, wani ciwon gado da ke rikita bugun zuciya lokacin motsa jiki, ECG ɗinsa na hutu yakan fito ƙalau, sai an sa shi gudu a kan injin gwaji ciwon ke bayyana. Ku gaya wa likita ƙarara cewa cikin gudu ya faɗi.

In an tabbatar, a auna iyaye da 'yan'uwa, don a yawancin irin wannan gadon kowane ɗa na da rabin yiwuwar ɗauka. Maganin da aka fi bayarwa propranolol ne ko nadolol, kullum, ba tsallake rana. Mai tsawon QT ya kiyayi kwinin, kulorokwin, azithromycin da erythromycin sai da sanin likitansa, kuma in gudawa ko amai suka kama shi a kai shi asibiti da wuri, domin ƙarancin sinadarin fotasiyam a jini na tayar da ciwon.