Yadda Za Ka Yaɗa Rubutun Kasuwancinka a Kafafen Sada Zumunta

Na daɗe ina sayar da shadda da atamfa a Kantin Kwari, kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne in ga ɗan'uwa ɗan kasuwa ya jera hoto arba'in a sitatus, babu bayani sai "akwai". Mai kallo zai danna biyu ko uku, ya gaji, ya wuce. Abin da na ga yana kawo ciniki shi ne rubutu ɗaya mai amfani, a yanka shi daidai da kowace kafa. Ga yadda nake yi.

Da farko, rubuta amsar tambayar da aka fi yi maka a shago. Tawa ita ce, "Alhaji, yaya zan wanke shaddar nan kada ta mutu?" Sai na zauna na rubuta: a yi amfani da ruwan sanyi, kada a jiƙa ta ta kwana, a shanya a inuwa, sannan a kai wa masu bugu su dawo mata da sheƙinta. Wannan shi ne uwar rubutu, kuma gidansa shafin kasuwanci na Facebook, ba shafinka na kanka ba. Na kanka yana tsayawa a abokai 5,000, na kasuwanci kuwa ba shi da wannan iyaka, kuma zai nuna maka yawan waɗanda suka ga abin da ka sa.

Na biyu, hoto, don gani ya kori ji. Ka fito da kayan bakin ƙofa da hantsi, ka goge gilashin kyamarar da gefen rigarka, ka shimfiɗa shaddar a kan farin yadi, ka ɗan karkata waya har zanen jikinta ya fito. Kada ka sa filta ko kaɗan. Na taɓa ɗaukar wata shadda ruwan toka a ƙarƙashin ƙwan lantarkin shago, ta fito kamar shuɗiya, wata Hajiya a Maraɗi ta saya a kan haka. Da kayan suka isa ta kira ni ranta a ɓace, kuma ita ke da gaskiya. Ni na biya kuɗin mota zuwa da dawowa.

Na uku shi ne yankan, kuma nan aikin yake. Sitatus na WhatsApp awa 24 yake yi ya ɓace, don haka hoto uku sun isa: na farko ya ɗauki tambayar, na biyu shawara ɗaya daga cikin amsar, na uku ya ce sauran bayani yana shafinka, ga mahaɗin, wato link ɗin da za a danna. Gobe ka sa shawara ta biyu. Rubutu ɗaya zai iya ci maka mako guda. A Instagram, mahaɗin da ka sa a ƙasan hoto ba ya dannuwa, sai ka ajiye shi a bayaninka na saman shafi, ka ce a duba can. A TikTok kuwa baki ne ke aiki: ka riƙe shaddar a hannu, ka yi magana kamar mai saye yana tsaye a gabanka, da Hausarka ta kullum. Masu sayenmu da yawa sun fi son ji a kan karatu. X, wato tsohuwar Twitter, na ba ka harafi 280 ne idan ba ka biya ba, jimla biyu da mahaɗi ke nan.

Na huɗu, ka bar wa mutum ƙofar da zai same ka. Rubuta wa.me/ sai 234, sai lambarka ba tare da sifilin farko ba. Idan a Nijar kake, 227. Duk wanda ya danna, kai tsaye zai faɗo cikin hirarku a WhatsApp. Ka sauke WhatsApp Business, wanda ya fito tun 2018, ka jera kayanka a katalog, ka saita saƙon da zai amsa sallama idan kana masallaci ko kana barci. Kuma don Allah ka rubuta farashi. Wannan "ki biyo ni ta ciki" tana korar masu kunya, kuma su ne da yawa.

Na biyar, wa za ka tura wa? Jerin aika saƙo na WhatsApp, wato broadcast, mai tura saƙo ɗaya ga mutane da yawa a lokaci guda, yana ɗaukar mutum 256, amma wanda ya ajiye lambarka ne kawai saƙon zai isa gare shi. Shi ya sa duk wanda ya sayi ko yadi biyar ne nake ce masa, "Yallaɓai, ajiye lambata, in sabon kaya ya zo za ka gani." Guruf kuwa, ka nemi izinin mai shi tukuna. Wanda ya jefa tallar atamfa a guruf ɗin dangi ana tsaka da ta'aziyya ya zubar da mutuncin da zai daɗe bai kwashe ba.

Na shida, lokaci. Nawa mutanen sun fi leƙa waya bayan Isha'i. Kai ma ka lura da naka na mako biyu. Da manhajar Meta Business Suite, ta kamfanin da ke da Facebook, za ka iya tsara na Facebook da Instagram tun ranar Juma'a, su riƙa fita da kansu. Kayan Sallah kuma tun Sha'aban ake fara maganarsu, don azumi na raba tsakiya teloli sun daina karɓar ɗinki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na ƙarshe, ka amsa duk wanda ya yi magana a ranar, ko da "masha Allah" kawai ya ce, sannan ka kwafe lambobin masu sayenka a littafi, don kafafen nan kan iya ɗaukewa. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke kusan awa shida, kuma an rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Littafina yana cikin durowar shago, kowace lamba da sunan gari da irin kayan da mai ita ya saba ɗauka.